Yini guda a Jidda da iyali: ina za mu fara, ina za mu ƙare?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Makka da matata da yara biyu. Mahaifiyata ta zo umra, kuma kafin ta koma gida ina so in kai su Jidda mu yini. Matata na son zane-zane da kayan tarihi, yara na son wurin da za su yi guje-guje, ni kuma ina so Hajiya ta ci abinci mai kyau ta ga teku. Sai dai tana fama da ciwon gwiwa. Na duba intanet na ga wurare sun fi ashirin, kaina ya ɗaure. Ta ina za mu fara? Kuma ko akwai abin da bai dace in kai dattijuwa ta gani ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya karɓi ibadar Hajiya, ya ƙara mata lafiya, kai kuma ya saka maka da wannan niyya. Idan na fahimce ka, abu uku kake nema a yini ɗaya, gidan zane, wurin shan iska da abinci, ga mutum biyar kowa da abin da yake so, ɗaya kuma ƙafarta ba ta ɗaukar doguwar tafiya. Rakiyar baƙi a garin nan ita ce sana'ata, kuma amsar da nake ba duk mai irin tambayarka ita ce: ka ajiye jerin wurare ashirin ɗin nan, ka ɗauki huɗu. Gidan tarihi ɗaya da safe, kifi da rana, tsohon gari bayan La'asar, bakin teku da dare. Sauran bayanin duk dalilan wannan tsari ne.

Abin da ke tsara yini a Jidda

Rana ce ta farko. Zafin Jidda ba irin na Makka ba ne. Na Makka busasshe ne, na Jidda kuwa da danshin teku yake zuwa, mutum yana tsaye a inuwa gumi na tsiyaya masa. Daga watan Mayu zuwa Satumba, fita yawo a ƙafa tsakanin ƙarfe 11 na safe da La'asar azabtar da kai ne, balle da tsohuwa da ƙananan yara. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne garin ke yin daɗi. Shi ya sa mutanen gari suka raba yininsu biyu: a yi hidima da safe, a ɓuya da rana, a fito da yamma har tsakar dare. Gidajen tarihi da kasuwanni da yawa a kan wannan tsari suke tafiya. Baƙon da ya zo da niyyar zagaya gari daga safe har yamma ba tsayawa, zai yi ta cin karo da ƙofofi a rufe.

Na biyu shimfiɗar garin. Jidda doguwa ce, ta miƙe daga kudu zuwa arewa a gefen Bahar Maliya. Tsohon gari, wanda ake kira Balad, yana ta kudu. Masallacin Rahma da ake cewa masallacin kan ruwa yana can arewa da nisa, kuma da yamma cunkoson motoci kan cinye sa'a guda a tsakaninsu. Wuraren da ka gani a jere a waya kamar suna maƙwabtaka, ba haka suke a ƙasa ba. Dabarar ita ce ka fara daga arewa da safe, ka riƙa gangarowa kudu, dare ya same ka kusa da tashar da za ka koma.

Na uku ranar da ka zaɓa. Hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne. Safiyar Juma'a gari a rufe yake sai bayan an sauko daga masallaci, daren Alhamis da na Juma'a kuma bakin teku ba masaka tsinke. Idan karatunka zai bari, ku zo tsakanin Lahadi da Laraba. A watan azumi kuwa lissafin duk ya canja, gari ba ya farkawa sosai sai bayan Tarawihi.

Batun zuwa, jirgin ƙasa na Haramaini da ya fara aiki a 2018 ya sauƙaƙa komai. Daga tashar Rusaifa a Makka zuwa tashar Sulaimaniyya a Jidda bai kai sa'a guda ba. Ka sayi tikitin zuwa da dawowa tun da wuri, ka sauka a Sulaimaniyya, kada ka wuce tashar filin jirgi. A cikin gari Uber ko Careem sun wadatar, amma da mutum biyar da keken tura Hajiya, ni na fi son a yi ciniki da direba ɗaya mai babbar mota ya yini da ku. Ka riƙe igamarka, wato katin izinin zamanka a ƙasar, Hajiya ma takardunta su kasance tare da ku. Bizar umra tana ba da damar zagaya garuruwan ƙasar, saɓanin ta aikin hajji mai nata sharuɗɗan.

Safiya: gida ɗaya tak

Ku karya da ful da tamis, wato dafaffen wake da man zaitun da faffaɗan burodin tanderu mai zafi. Yara a saya musu ma'asub, ayaba da aka murƙushe da burodi aka zuba zuma da kirim. Yana riƙe ciki har Azahar.

Daga nan zaɓi biyu ne a gabanka, kuma ba a tauna taura biyu lokaci guda. Na farko gidan tarihin Ɗayyibat a unguwar Faisaliyya, wanda marigayi Abdurra'uf Khalil ya gina ya zuba abin da ya tara tsawon rayuwarsa. Ginin kansa abin kallo ne, an yi shi da fasalin tsofaffin gidajen Jidda, da tagogin katako da hasumiya. A ciki ɗakuna ne ɗaruruwa: Alƙur'anai rubutun hannu, tsofaffin kuɗi, takubba, kayan ɗaki, tufafin yankunan ƙasar nan daban-daban, da kayan wasu ƙasashen Musulmi. Ba a tsara shi yadda ake tsara gidajen tarihi na zamani ba, kaya ne birjik, wani kan wani, kuma ni wannan ne ma yake burge ni, don kana ganin hannun mutum ɗaya mai son abinsa. Dattawanmu sun fi daɗewa a gaban rubuce-rubucen nan. Na taɓa raka wata Hajiya da ta yi karatun allo, ta tsaya gaban wani Alƙur'ani ta manna goshinta kusa da gilashin, tana bin zayyanar gefen shafi da yatsa a iska, tana karanta ayar a hankali, jikokinta na jan mayafinta ba ta ko juyo ba. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ya saba buɗewa da safe, ya rufe da tsakar rana, ya sake buɗewa da yamma. Aibinsa a wajenku shi ne hawa. Bene ne mai matakala da yawa, saboda haka Hajiya ta tsaya a ƙasa, uwargida ta hau ita da babban yaron.

Na biyu Hayy Jameel a unguwar Muhammadiyya, wanda aka buɗe a ƙarshen 2021. Wannan na masu zanen zamani ne, 'yan ƙasa da na waje, kuma abin da ake nunawa yana canjawa lokaci zuwa lokaci. Farin gini ne mai tsakar gida da inuwa da wurin zama, tafiya a cikinsa ba wahala. Idan zanen yau ne ke ran uwargida, nan za ta fi jin daɗi. Amma idan ni ne, da dattijuwa a tare da ni, Ɗayyibat zan zaɓa, domin Hajiya za ta ga abin da ya taɓa rayuwarta, ba za ta zauna jiran a gama ba.

Akwai sunan da nake so uwargida ta riƙe ko da ba ku je ba: Safiya Binzagr. An haife ta a Balad a 1940, ta rasu a 2024. Tana cikin matan farko da suka baje zanensu a bainar jama'a a ƙasar nan, a 1968, kuma ta ƙarar da rayuwarta tana zana bukukuwan aure, tufafin mata da al'adun Hijaz kafin su ɓace. Ta gina gida musamman don ayyukanta, ana kiransa Darat Safiya Binzagr. Sai an tuntuɓe su kafin a je. Haka kuma idan zuwan wani naku ya dace da lokacin baje kolin fasahar Musulunci da ake yi duk shekara biyu a tashar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz, to a ajiye komai a tafi can. An fara shi a 2023, a na 2025 kuma aka baje cikakkiyar rigar Ka'aba, karo na farko a wajen Makka, mutum ya tsaya dab da ita ya ga ɗinkin zaren zinariya da azurfa.

Tambayarka ta ƙarshe

Ka tambaya ko akwai abin da bai dace Hajiya ta gani ba, kuma na san mutum-mutumi kake nufi. Ni ba malami ba ne, hukunci sai ka koma wajen malamanka, ga su nan kusa da kai. Abin da zan iya faɗa maka shi ne abin da ke ƙasa. Muhammad Sa'id Farsi, wanda ya riƙe magajin garin Jidda daga shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980, shi ne ya cika shataletale da bakin teku da sassaƙe-sassaƙe ɗaruruwa. Mafi yawansu ba surar mutum ko dabba ba ne. Butar gahawa ce, fitilu, jiragen ruwa, ayoyi da aka ƙera da ƙarfe, da ƙaton keken nan na Julio Lafuente da har ya zama sunan shataletalen da yake kai. An tara kimanin ashirin daga cikinsu a fili ɗaya a bakin tekun Hamra bayan an gyara su, har da ayyukan Henry Moore, Joan Miró da Alexander Calder. Ɗaya ko biyu a ciki, wanda ya ƙura ido zai hango alamar jikin mutum. Fili ne buɗaɗɗe, ba wanda zai tilasta muku tsayawa. A gidajen zanen zamani kuma akan sami hotunan mutane, don haka uwargida ta leƙa shafinsu ta ga abin da ake nunawa a makon kafin ku yanke shawara.

Rana: kifi, sannan hutu

Wanda ya zo Jidda bai ci kifi ba, da sauransa. Babbar kasuwar kifi, wadda 'yan gari ke kira Bangala, tana bakin ruwa kusa da Balad. Tsarin haka yake: ka zagaya teburan ka zaɓa, a auna, ka kai wa masu gyara su kankare su yanka, sannan ka miƙa wa masu suya ko gashi. Najil shi ne sarki, ja ne mai ɗigo-ɗigon shuɗi, namansa fari tas, kuɗinsa ma na sarauta ne. Hamur na biye da shi. Harid, mai launin kore da shuɗi da baki irin na aku, namansa da laushi. Sha'ur kuma shi ne na kowa da kowa, ga daɗi ga sauƙi. Ka duba idon kifin ya zama garau, ka ɗaga kunnensa ka ga ja ne jawur, ka danna jikinsa da yatsa ya dawo. A haɗa muku da shinkafar sayadiyya, wadda ake soya albasa har ta yi duhu kafin a zuba, da miyar tsamiya a gefe. Bahaushe ba ya baƙunta da tsamiya, Hajiya za ta ji kamar a gida take.

Sai dai ƙasan kasuwar a jiƙe yake ko yaushe, ga santsi ga ƙarni. Kada ka shigar da mai ciwon gwiwa. Ko dai ta jira a mota da sanyi kai ka shiga da yaro ɗaya, ko ku tafi gidan kifi na zaune, inda za ka zaɓa daga kan ƙanƙara a kawo muku. Tun ƙarshen 2019 aka daina tilasta wa gidajen abinci raba ƙofar iyali da ta maza, amma da yawa sun bar sashen iyali da labule ko ƙananan ɗakuna. Ka nemi mai kujeru, domin zaman ƙasa da tashi zai wahalar da gwiwar Hajiya. Yara kuwa na san Albaik za su ce, gidan soyayyiyar kazar nan. A Jidda aka fara shi a 1974, amma ai yana nan a Makka, kada ku ɓata cikin rana a kansa.

Bayan Azahar ku huta da gaske. Nan ne mafi yawan mutane ke kuskure, suna ganin asarar lokaci ne. Ku kama ɗaki na 'yan sa'o'i, ko ku sauka gidan wani ɗan'uwa idan akwai, Hajiya ta miƙe ƙafa, yara su yi barci. Duk daɗin yammar yana rataye ne a kan wannan hutun.

Balad

Nan ne zuciyar tafiyar, kuma don shi nake so ku adana ƙarfinku. Tun zamanin Sayyidina Usman ɗan Affan, wajen shekara ta 26 bayan hijira, aka mai da Jidda tashar ruwan Makka. Kakanninmu da suka taho a ƙafa ta Borno da Chadi da Sudan, wasu shekaru suna hanya, suka hau jirgin ruwa a Sawakin, a nan suka fara taka ƙasar Hijaz. Ka gaya wa Hajiya wannan kafin ku shiga, za ta kalli wurin da wani ido. An rushe ganuwar garin a 1947, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014.

Ku isa da an yi La'asar, saboda gidajen suna buƙatar hasken rana. Da dutsen murjani da aka haƙo daga gaɓar teku aka gina su, hawa uku, huɗu, har fiye. Idan ka matsa kusa da bangon da shafensa ya zube, za ka ga dutsen da ƙananan ramuka da sauran ɓawon halittun ruwa a jikinsa. Za ka kuma ga layin katako kwance cikin bangon, bayan kowane 'yan sahu na dutse. Dutsen ba shi da ƙarfi sosai, ƙasar wurin kuma mai gishiri ce da laushi, don haka katakon ne ke raba nauyi ya hana bango tsagewa. Duk da haka wasu gidajen sun karkata, za ka ga an tallafe su da ƙarafa ana gyara.

Sai rawashin, tagogin katakon nan da suka turo kai waje, wasu tun daga hawa na farko har sama. Mafi yawan katakon ta teku aka kawo shi daga Indiya da tsibiran gabashinta. Ka tsaya ƙarƙashin ɗaya ka ɗaga kai. Ƙananan sanduna ne aka sarƙe da juna, da ɓangarorin da ake turawa sama a buɗe, da sassaƙar ganye da taurari a goshinsa. Aikinsu uku: su tare rana, su shigo da iskar teku, su bar matan gida su ga titi ba a gan su ba. A cikinsu ake ajiye tulunan ruwa iska ta sanyaya. Wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya zai gane hikimar lungunan nan nan take, matsattsu ne don gini ya yi wa gini inuwa.

Gidan Nasif ne ya fi shahara. An gina shi tsakanin 1872 da 1881, kuma a cikinsa Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shiga Jidda a 1925. Matakalarsa faffaɗa ce mara tsayin taki, an yi ta ne yadda raƙumi zai iya hawa da kaya. A ƙofarsa akwai tsohuwar bishiyar darbejiya, wadda a da saboda ƙarancin itatuwa a garin ake kwatance da ita, a ce gidan mai bishiya. Ku zaunar da Hajiya a inuwarta. Daga nan kasuwar Alawi ce, turare, kayan yaji, dabino, yadi da carbi, tsarabar gida ta samu. Magariba kuma ku yi ta a masallacin Shafi'i, ɗaya daga mafi tsufa a garin. Ba ko yaushe ake buɗe cikin gidajen ba saboda gyare-gyare, amma ko daga waje kallon ya biya. Mota ba ta shiga tsakiyar unguwar, akwai ƙananan motocin lantarki da ke ɗaukar masu ziyara, ka nema wa Hajiya tun daga bakin shiga.

Na san za ta tambaye ka kabarin Nana Hauwa'u, kusan duk dattijuwar da na raka sai ta tambaya. Maƙabarta ce mai katanga kusa da Balad da ake kira da sunan, babu abin da ake gani, kuma babu ingantacciyar hujja cewa a nan take. Ku nuna mata daga mota ya isa.

Idan yara sun matsa, a gefen tafkin Arba'in akwai teamLab Borderless da aka buɗe a 2024, ɗakuna masu duhu da zanen haske ke yawo a bango da ƙasa. Yara na haukacewa a kansa. Amma tikitinsa da tsada, kuma duhu da walƙiyar haske ba su dace da mai taka ƙasa da kyar ba. Wannan ku bar shi sai wani zuwan da ba Hajiya.

Lambu da dare

Gaskiya Jidda ba garin lambu ba ne. Ruwan shanta ma daga teku ake tacewa. Mai son furanni da sanyi Ɗa'ifa zai hau, musamman a Maris da Afrilu lokacin tsinkar wardi, kuma wannan tafiyar yini ce ta daban. Abin da Jidda ke da shi shi ne Kornish, bakin tekun da aka shimfiɗa wa ciyawa da dabino da wuraren wasan yara. Sabon ɓangaren arewa da aka buɗe a 2017 ya fi faɗi da kayan wasa, amma ya yi muku nisa. Ku tsaya a Hamra, minti kaɗan daga Balad. Nan ne filin sassaƙe-sassaƙen da na ambata, kuma daga nan ake kallon Nafurar Sarki Fahad, wadda tun 1985 take harba ruwan teku sama kusan mita 300, babu mai tsayinta a duniya. Da dare ake haska ta, ruwan ya yi fari fat a cikin duhu, iska na karkatar da kansa. Wani lokaci akan kashe ta don gyara ko saboda iska mai ƙarfi, kada ka yi wa yara alkawarin da ba a hannunka yake ba.

Ku yi yadda 'yan gari ke yi: shimfiɗa, flas ɗin shayi, kujerar naɗewa ta Hajiya. Ku sayi balila, dafaffen wake mai tsami da yaji, da mutabbaƙ mai zafi, wato siririn ƙullin fulawa da ake naɗe ƙwai ko nama a ciki a soya. Idan an dace da mai tsire, wanda mutanen nan ke kira siriya, to namu ne, iyayenmu suka kawo shi Hijaz. A da sai in tura ka Karantina ko Kandara ka ci tuwo da miyar kuka, amma rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya tashi unguwannin da mutanenmu suka fi yawa, jama'a sun watse, kuma har yau abin na taɓa ni idan na bi ta wajen. Abincin gida ka fi ni kusa da shi a Makka.

Abu biyu ba zan iya yanke maka daga nan ba. Lokutan buɗewa da kuɗin shiga suna canjawa da yanayi da bukukuwa, don haka ka kira ko ka duba shafin kowane wuri ana gobe za ku taho. Gwiwar Hajiya kuma kai ka san ta. Idan ka ga tafiyar za ta yi mata yawa, gidan tarihin safe za ka cire, ku taho da jirgin rana, ku ci kifi, ku shiga Balad da ƙarfinku. Tikitin komawa kada ya zama na jirgin ƙarshe, kuma ku tashi daga Hamra da saura sa'a guda da rabi, domin titin tashar kan cushe da dare kuma ana rufe ƙofar shiga kafin jirgi ya tashi.